Jawabi a kan Daidaiton Harsashi da Amanar Masu Dubawa



Wannan jawabi a kan harsashi ne, da irin wahalar da masu yinsa ke sha don kowane ɗaya ya fito daidai da ɗan'uwansa, da kuma abin da ya auku a wata ƙasa sa'ad da aka yi sakaci da wannan aiki. Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan hakimi da aikin maƙeran Turawa. To, a ƙasar kowane hakimi akwai maharba, akwai 'yan bindiga masu rakiyar hawan salla, akwai kuma 'yan sanda da soja waɗanda ransu ke rataye a kan abin da aka ba su su ɗura. Banda wannan, labarin da za a kawo a nan gaba labarin takarda ne da sa hannu, watau aikin da malamin ofis ke yi kullum.

Yadda harsashi ya bambanta da sauran kaya

Mai sayen tukunya yakan ƙwanƙwasa ta ya ji ƙararta. Mai sayen doki yakan hau ya zaga fili, ya duba haƙori da kofato. Mai sayen yadi yakan sa a auna a gabansa. Duk waɗannan, abin da suka gwada shi suke ɗauka su kai gida. Harsashi kuwa ba ya gwaduwa sai an harba shi, in an harba shi kuma ya ƙare. Kamar ashana yake: wanda ya ce sai ya ƙyasta kowane tsinke ya tabbata yana kamawa, da fanko zai koma gida. Saboda haka harsashin da ke hannun soja a fagen fama, ba wanda ya taɓa gwada shi. 'Yan'uwansa aka gwada, aka yi masa shaida da su. Shaidar nan kuwa ba ta da amfani sai in lalle su da shi ɗaya suke.

Harsashin zamani abu huɗu ne aka haɗa. Na farko kwanso, wanda galibi da tagulla ake yinsa. Na biyu ɗan ƙyastu, wani ɗan ƙoƙo ƙarami da ke manne a gindin kwanso, shi ke ba da tartsatsi in ƙarfen bindiga ya doke shi. Na uku albarushi. Na huɗu kan harsashi, watau dalmar da ke fita, wadda akan lulluɓe da jan ƙarfe. In aka ja kunama, ƙyastu ya kama, albarushi ya ƙone ya zama iska mai zafi, iskar nan ta tura dalma waje. Cikin wannan ɗan lokaci kwanso yakan kumbura ya manne da bangon ɗakinsa a cikin bindiga don kada wuta ta dawo baya, sa'an nan ya ɗan saki don a iya zaro shi. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido.

Kowane ɗaya daga cikin abu huɗun nan yana da iyakar da ba ya ƙetarewa. In albarushi ya yi yawa, matsin iska ya fi ƙarfin ƙarfe, bindiga ta tsage a fuskar mai ita. In ya yi kaɗan ƙwarai, dalma ta maƙale a tsakiyar bututu, harbi na biyu ya same ta a can, nan ma bindiga ta tsage. In tagullar kwanso ta yi taushi sai ta liƙe, in ta yi tauri sai ta dare. In ƙyastu ya yi nauyin kamawa bindiga ta ƙi tashi, in ya yi saurin kamawa harsashi ya tashi don ya faɗi ƙasa kawai. Awon kuma ƙanƙane ne ƙwarai. Ma'aunin da ake auna albarushi da dalma da shi sunansa giren, watau ƙwayar hatsi, giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, giren 15 da 'yan kai kuma su ne giram ɗaya. Masu kula da aikinsu har kashi ɗaya cikin goma na giren suke aunawa.

Gidajen gwaji

Turawa sun daɗe da sanin haɗarin nan. A shekarar 1637 aka ba ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ikon gwada bindigogi, a 1813 kuma Majalisar Ingila ta kafa wani gidan gwaji a Birmingham, garin da ya ƙera da yawa daga cikin bindigogin da fatake suka kawo Afirka ta Yamma. A gidan gwaji akan harba bindiga da harsashi wanda ya fi na kullum ƙarfi, in ta jure a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. A 1914 wasu ƙasashen Turai suka kafa hukuma ɗaya a birnin Liège na Beljiyam don su riƙa karɓar hatimin juna, a 1926 kuma kamfanonin Amurka suka kafa tasu ƙungiya mai tsayar da awon kowane irin harsashi. Amfanin wannan shi ne harsashin kamfani kaza ya shiga bindigar kamfani kaza ba tare da tsoro ba.

Shi harsashi kansa ga yadda ake gwada shi. Akan harba shi a wani bututu na musamman a auna ƙarfin matsin da ya haifar. A da, da wani ɗan curin jan ƙarfe ake yi: iska ta matse shi, a auna yadda ya gajarce, a duba a littafin lissafi. Yanzu na'urar lantarki ke yin wannan aiki. Akan auna gudun dalma, a harba cikin zafi a harba cikin sanyi, a tsoma wasu a ruwa a ga ko suna yoyo. Shi kuma ƙyastu akan saki ƙwallon ƙarfe a kansa daga sama: daga tsawo kaza dole duka su kama, daga ƙasa da tsawo kaza kuma dole kada ko ɗaya ya kama.

Zubi da samfur

Tun da ba dama a harba duka, sai aka koma ga dabarar zubi. Duk harsashin da aka yi da albarushi ɗaya, da tagulla ɗaya, a inji ɗaya, cikin lokaci ɗaya, shi ne zubi ɗaya, a ba shi lamba, a rubuta lambar a jikin akwati. A harsashin soja har gindin kwanso akan buga alamar ma'aikata da shekarar da aka yi shi. Daga kowane zubi sai a ɗebi samfur a harba. In samfur ya ci jarrabawa a karɓi zubin duka, in ya faɗi a mayar da shi duka. In kuma daga baya aka sami aibu a fage, lambar nan ita za ta nuna akwatunan da za a janye, ko da sun watsu a barikoki ashirin.

Uwargida ta san asirin wannan dabara. Ba ta shanye tukunyar miya don ta san ko gishiri ya ji, ludayi ɗaya ya ishe ta, amma sai ta motsa tukunyar tukuna. Mai sayen hatsi shi ma ya san ba a yi wa buhu hukunci da abin da ke bakinsa, sai an sa hannu har ciki. Sharuɗɗan samfur ke nan guda biyu: abin da za a ɗiba daga gare shi ya zama iri ɗaya ne, kuma kada mai kaya ya zama shi ke zaɓar abin da za a ɗiba.

A watan Mayu na 1924 wani masanin lissafi na Amurka, Walter Shewhart, wanda ke aiki da kamfanin kayan tarho, ya fito da wata takardar zane mai sauƙi. Abin da ya nuna shi ne, ba injin da ke fitar da abu biyu daidai da daidai, kullum akwai ɗan bambanci. Amma bambanci iri biyu ne. Akwai na al'ada, wanda ke kai da kawowa tsakanin iyaka biyu, wannan a ƙyale shi. Akwai kuma wanda ke da dalili, kamar ƙarfen inji ya cinye ko an canja kayan aiki, shi kuwa yakan tsallake iyaka ko ya riƙa gangarawa gefe guda, sai a tsai da inji a nemi dalili. Abokan aikinsa biyu, Harold Dodge da Harry Romig, suka tsara lissafin yawan samfurin da za a ɗiba daga zubi da yawan aibun da za a yafe. A Yaƙin Duniya na Biyu sojan Amurka suka ɗauki wannan hanya wajen karɓar makamai, a 1950 kuma ta zama ƙa'idar soja a rubuce.

Kafin a kai ga wannan an sha wuya. Bayan ƙarancin harsashin igwa da Ingila ta yi fama da shi a 1915, aka buɗe ma'aikatu barkatai, aka ba kamfanonin da ba su taɓa wannan aiki ba kwangila, yawan kaya ya fi ƙarfin masu dubawa. A ƙarshen watan Yuni na 1916 manyan bindigogin Ingila suka yi kwana bakwai suna ruwan wuta a kan ramukan Jamusawa kusa da Kogin Som a ƙasar Faransa, suka harba wajen miliyan ɗaya da rabi. Da yawa ba su fashe ba, har wasu masana tarihi na cewa sun kusa sulusi. Ran 1 ga Yuli da soja suka fito daga ramukansu, Ingila ta yi hasarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, 19,240 daga ciki matattu ne. Dalilan wannan masifa suna da yawa, harsashin da bai fashe ba yana cikinsu.

Labarin bindigar M16

Labarin da ya fi dacewa da wannan jawabi ya auku ne bayan an riga an san duk ƙa'idodin nan, an rubuta su, an kuma naɗa ma'aikatan da za su tsare su.

A ƙarshen shekarun 1950 wani injiniya Ba'amurke, Eugene Stoner, da abokan aikinsa suka ƙera wata bindiga mara nauyi mai harba ƙaramin harsashi, faɗin dalmarsa milimita 5.56, nauyinta giren 55. Kamfanin Colt ya sayi ikon ƙera ta a 1959, daga baya sojan Amurka suka karɓe ta suka sa mata suna M16. Ita wannan bindiga da kanta take sake ɗuri. Akwai wata 'yar ƙofa a jikin bututunta, in dalma ta wuce sai wani kaso na iskar nan mai zafi ya bi ta siririn bututu ya komo baya, ya tura ƙarfen da ke zaro kwanson da aka harba, ya cusa sabo. Watau dai iskar albarushi ita ce ke tafiyar da injin bindigar, ƙarfinta da lokacin isowarta su ke tsai da saurin aikin duka.

Albarushin da aka gina bindigar a kansa na kamfanin DuPont ne, mai suna IMR 4475, ƙwayoyinsa kamar gutsattsarin tsinke. Da hukumar soja ta zo rubuta ƙa'ida, sai ta ce dole dalma ta yi gudun ƙafa 3,250 a sakan ɗaya, kuma matsin iska kada ya wuce laba 52,000 a kan kowane inci murabba'i. Sharuɗɗan nan biyu sun matse albarushin ƙwarai. Zaɓaɓɓen zubi yakan cika su, amma in ana yin kaya da yawa, ɗan bambancin nan na al'ada tsakanin zubi da zubi ya isa ya jefa wani waje, ko gudu ya gaza ko matsi ya wuce. Kamfanoni suka nuna ba za su iya ɗaukar alkawarin miliyoyin harsasai a kan wannan sharaɗi ba. Maimakon a sassauta gudun kaɗan, sai cikin 1964 aka amince da wani albarushi dabam na kamfanin Olin Mathieson, mai suna WC 846, wanda ƙwayoyinsa kewayayyu ne, an kuwa daɗe ana amfani da shi a babban harsashin soja ba tare da ƙorafi ba.

A takarda sabon albarushin ya cika sharuɗɗa biyun nan sarai. Amma akwai abu na uku wanda ba a ba shi muhimmanci ba. Konewarsa ta fi ta na farko jinkiri, saboda haka sa'ad da dalma ta wuce 'yar ƙofar nan iskar da ke bayanta tana da sauran ƙarfi fiye da yadda aka shirya. Injin bindiga ya riƙa gudu fiye da kima. An ƙayyade mata harbi 650 zuwa 850 a minti ɗaya, sai ga ta tana kusantar 1,000. Ƙarfen zaro kwanso yakan fizge shi tun bai gama saki ba, ƙananan ƙarafa suna karyewa, ga kuma dauɗa da ta ƙaru. Har wa yau akwai alli da akan zuba cikin wannan albarushi don ya kashe tsamin da ke saura bayan an gama haɗa shi, ƙa'ida kuwa ta yarda allin ya kai kashi 1 cikin 100. Wani zubi yakan zo da kaɗan, wani yakan kusanci iyaka. A babbar bindiga wannan bambanci bai dami kowa ba, amma a siririn bututun M16 zubi mai yawan alli yakan taru ya toshe hanya.

Inda amana ta karye

Kamfanin Colt ya lura da abin tun da wuri, domin kafin soja su karɓi bindigogi sai an ɗebi samfur an harba an auna saurinsu. Da harsashi mai tsohon albarushi bindigogi suna cin jarrabawa, da mai sabon kuwa da yawa suna faɗuwa. Kamfanin ya sanar da hukuma. Da fari aka ɗaga masa iyakar zuwa 900. Daga bisani aka yarda ya riƙa gwada bindigoginsa da harsashi mai irin tsohon albarushin, alhali mafi yawan harsashin da ake aikawa fagen yaƙi a Biyetnam mai sabon ne. Gwajin da aka yi a ma'aikatar soja ta Frankford a ƙarshen 1965 ya nuna a fili cewa sabon albarushi ya fi jawo cijewa, duk da haka aka ci gaba. A watan Disamba na wannan shekara Janar Westmoreland, babban hafsan Amurka a Biyetnam, ya nemi a aiko masa da bindigogin nan masu yawa, gaggawa ta ƙaru.

A lura da kyau a nan. Ba wanda ya rubuta ƙarya a littafi. Mai dubawa ya ga an harba bindiga, ya ga ta ci jarrabawa, ya sa hannu, abin da ya rubuta kuma haka ya faru. Amma an ɗanɗana wata tukunya ne aka yi wa wata shaida. Dubban bindigogi suka fita da takardar lafiya wadda ba ta ce kome ba game da abin da za su yi da harsashin da soja zai ɗura musu.

Wasu kurakurai suka haɗu da wannan. Ba a shafe ɗakin harsashin bindigar da kurom ba, wani farin ƙarfe mai hana tsatsa, ga shi Biyetnam ƙasar ruwa ce da laima, sai ɗakin ya yi tsatsa ya yi ramuka, kwanso ya riƙa kamawa a ciki. An raba bindigogi ba isassun kayan shara, ba isasshen horo, har magana ta bazu cikin soja cewa wai ita wannan bindiga ba ta bukatar shara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya riƙa faruwa shi ne, soja ya harba, kwanso ya liƙe, ƙarfen zarowa ya yage bakinsa ya bar shi ciki. Ba yadda za a yi sai a zura sandar ƙarfe ta bakin bindiga a buge shi ya fito. Bindigar da aka yi don ta harba ɗaruruwa a minti ɗaya ta koma kamar bindigar toka, harbi ɗaya sai a nemi sanda, abokan gaba kuwa ba su jira.

A watannin Afrilu da Mayu na 1967 aka yi ƙazamin faɗa a kan tuddan da ke kewaye da Khe Sanh. Wasiƙun da soja suka aika gida suka ba da labarin 'yan'uwansu da aka tarar a mace kusa da bindigogin da suka cije, wasu suna cikin ƙoƙarin gyara su. Iyaye suka kai wasiƙun ga jaridu da wakilansu. Cikin watan Mayu Majalisar Wakilan Amurka ta naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Richard Ichord, wakili daga jihar Missouri. Kwamitin ya ji shaidu, ya je har Biyetnam, ya fito da rahotonsa a watan Oktoba na 1967. Ya ɗora babban laifi a kan canjin albarushi da kuma yadda aka bar kamfani yana gwaji da harsashin da ba shi ne a hannun soja ba, ya kuma ce sakacin manyan ma'aikata wajen gyara lamarin ya kusa zama laifin da doka ke hukuntawa.

Gyaran bai gagara ba. Aka sa wani ƙarfe mai nauyi a bayan injin don ya rage masa gudu, aka shafe ɗakin harsashi da kurom, aka raba kayan shara, a 1968 kuma aka buga wa soja ɗan littafi mai hotuna da ke koya musu tsabtace ta. Daga baya aka rage allin da aka yarda da shi zuwa rubu'in kashi 1 cikin 100, aka ware wannan albarushi mai ƙarancin alli aka ba shi suna na kansa, WC 844. Bindigar ta gyaru, har jikokinta suna hannun sojan ƙasashe da yawa. Ba ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan da ya fi ƙarfin masanan 1964. Da an sake gwada bindiga da sabon albarushi tun ranar da aka canja shi, aka kuma yi aiki da abin da gwajin ya nuna, da rayuka da yawa sun tsira.

Masu sake ɗura kwanso

A Amurka da wasu ƙasashe doka ta yarda mutum ya tattara kwanson da ya harba, ya sayi ƙyastu da albarushi da dalma, ya sake haɗawa a gidansa. Maharba da masu gasar harbi suna yin haka don rangwamen kuɗi, ko don su sami harsashin da ya fi na kanti daidaito. Abin lura shi ne, ƙwararru daga cikinsu ƙa'idar manyan ma'aikatu suke bi a ɗan ɗakinsu. Ba su wuce awon da masu albarushi suka gwada suka buga a littafi. Ba su gauraya albarushi iri biyu, ba su kuma amfani da wanda ba ya cikin gwangwaninsa na asali. In gwangwani ya ƙare suka sayo wani mai suna ɗaya amma lambar zubi dabam, sukan rage awo su sake gwaji daga ƙasa. Haka kuma in suka canja ƙyastu ko kwanso. Sukan duba kowane kwanso su zubar da wanda ya tsage ko ya gaji, su rubuta kwanan wata da lambar zubi a jikin kowane akwati. Dokarsu ita ce, in an canja abu ɗaya cikin huɗun nan, harsashi ya zama sabo, tsohuwar shaida ta faɗi. Dokar da aka taka ke nan a labarin M16.

A Nijeriya lamarin dabam ne. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana kowa ƙera ko harhaɗa bindiga ko harsashi sai inda doka ta ba da izini, a 1964 kuma gwamnati ta kafa ma'aikatar makamai a Kaduna, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, don yi wa soja kayan aiki. Saboda haka harsashin da aka sake ɗurawa a ɓoye, banda saɓa doka, ba shi da lambar zubi, ba wanda ya auna shi, in ya yi ɓarna kuma ba wanda za a tambaya.

Abin da ake roƙon hakimai da malamai

1. Hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa, su kuma su gargaɗi maharba, kada kowa ya sayi harsashin da ba a san asalinsa ba, ko wanda ya yi tsatsa, ya lotsa, ko ya sha ruwa. In an sami irinsa a kai wa 'yan sanda.

2. A ja kunnen sarkin bindiga da mutanensa, musamman gab da salla, kada a fasa harsashin zamani a juye albarushinsa cikin bindigar toka. Albarushin zamani ya fi baƙin albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba, bututun bindigar toka kuwa ba a yi shi don ɗaukar wannan ba, tsagewa zai yi. Kada kuma a ƙara awo don neman ƙara mai yawa a gaban jama'a.

3. In harbi ya fito da rauni, ko ƙararsa ta bambanta da ta kullum, a dakata a duba bututu kafin a sake ɗuri.

4. Albarushi da harsashin da aka mallaka bisa izini a ajiye su wuri busasshe, nesa da wuta da rana da yara, kowane iri a mazubinsa.

5. Malamin da aka ba amanar sito, ko na mene ne, magani ko taki ko irin shuka, ya rubuta lambar zubi da ranar shigowa, kada ya gauraya sabo da tsoho. Ran da aka ce kaya kaza sun ɓaci, littafinsa ne zai nuna inda suka tafi.

6. Kada malami ya sa hannu a kan samfurin da mai kaya ya zaɓo masa. Ya ɗiba da kansa, daga kayan da za a raba wa mutane. In ɗan kwangila ya canja wani abu daga abin da aka yi alkawari, ko da ya rantse ya fi na da kyau, a rubuta, a sanar da na gaba, a sake dubawa.

7. In ƙorafi ya zo daga waɗanda ke amfani da kaya, hakimi ya saurara ya bincika, ko da takardun ofis duka sun ce lafiya. Sojan da ke Biyetnam sun san bindigarsu na cijewa tun kafin manyansu su yarda, sai da wasiƙunsu suka kai majalisa aka ji su.

Hannun da malami ya sa a takarda yakan yi tafiya mai nisa, ya isa wurin mutanen da ba su san shi ba, su dogara da shi a ranar da ba su da lokacin dubawa da kansu. Allah ya ba shugabanni ikon tsare amana, ya kiyaye talakawa daga haɗari, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.